Motar da Baba Ya Ƙi Dubawa

Babana ba ya sayen akuya sai ya ci mata mutunci. Duk wanda ya san layin dabbobi a kasuwar Ogbete ya san haka. Zai buɗe mata baki ya duba haƙori, ya ja fatar ido ya leƙa, ya matsa ƙugu, ya ɗaga wutsiya ya dubi inda ita kanta akuyar ba ta taɓa gani ba. Sannan ya ce a kora ta ta yi tafiya, shi kuma ya harɗe hannu yana kallo kamar alƙali. Da idona na ga wani rago ya sunkuyar da kai don kunya. Masu kawo dabbobi daga Arewa in sun hango shi tafe, rantsuwa suke farawa tun bai yi sallama ba.

Wannan mutumin ne bara ya sayi mota bai ko ɗaga bonet ba.

Mu biyu ne a Inugu, ni da shi, a ciki da falo a unguwar Obiagu. Inna da ƙannena suna Lafiya, a gidan yayanta, tun gudun da muka yi kafin yaƙin basasa. Lokacin ina famfara, don haka abin da na riƙe kaɗan ne: duhun tamfol, warin ƙasar doya, da tafin hannun Inna a kan bakina. Mai gidan da muke haya, wani Ibo da kowa ke kira Mazi don girmamawa, shi ya kwantar da mu a bayan akori-kurarsa, ya rufe mu, ya jera doya a sama, ya ratsa gari da mu har tashar jirgi. A cikin jirgin nan jaririyar da Inna ke goyo ta rasu. Ba a wannan maganar a gidanmu, ni ma zan wuce ta.

Da yaƙi ya ƙare Baba ya dawo neman kasuwarsa. Ya tarar Mazi ya rame kamar an wanke shi an matse, rabin gidansa babu rufi, babban ɗansa kuma ya tafi fagen daga bai dawo ba. Duk da haka ya miƙa wa Baba makullin ɗakinmu na da. Daga baya Baba ya je ya ɗauko ni, in yi makaranta in taya shi kasuwa. Inna ce ta ƙi. Ba ta yi faɗa ba, sharaɗi ta kafa, kuma ina wurin.

"Malam, ran da ka ajiye motarka ta kanka a ƙofar gida, wadda in an ce a tashi za mu tashi ba sai mun roƙi kowa ba, ka zo ka ɗauke ni. Ba zan sake kwanciya ƙarƙashin doyar wani ba."

Tun daga nan sai a dogon hutu nake ganin uwata. Ƙaramar ƙanwata in na je, ɓuya take bayan ƙofa ta ce an yi baƙo. A nan kuwa Baba ke tuƙa mana tuwo, irin tuwon da in ka jefi kare da shi sai an ɗaure ka. Ni ke wanki, rigunanmu duk sun haɗu sun zama launi ɗaya. Saboda haka maganar mota a wurina ba maganar gayu ba ce. In akwai mota, akwai Inna.

Sai kuɗi suka shigo ƙasa. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya haukace. Mutumin da jiya kai da ƙafa yake tayawa, yau rago yake so sukutum, ko suna ko ba suna. Kowa ya hau sabuwar mota, tsofaffin suka fito kasuwa. Baba ya ce lokaci ya yi, zai zuba duk abin da ya tara tun dawowarsa.

A bayan layinmu akwai gareji a gindin mangwaro, na wani bakanike mutumin kudancin Zariya. Aikin soja ya kawo shi Inugu, da aka gama ya tuɓe kaki ya ɗauki sifana, amma kowa ya ci gaba da ce masa Kofur. Can nake zuwa in an tashi makaranta, da sunan wanke sifanu, a gaskiya don in ji ƙarya mai daɗi. Shi ya koya wa Baba tuƙi a filin ƙwallo, ran Lahadi in ya dawo daga coci. Baba yana riƙe sitiyari kamar ƙahon bijimin da ke son kuɓucewa, in zai tsaya kuma sai ya daka wa motar tsawa, "Ke! Tsaya!" kafin ya tuna akwai birki. Turken raga ɗaya ya rasa ransa a wannan karatun.

Da Baba ya iya, sai muka shiga farautar mota mu uku. Kofur ba ya yarda a sa lokaci da mai mota. Da sanyin safiya muke dirar masa, asuwaki a baki. Kafin komai Kofur zai ɗora tafin hannu a kan bonet. In da ɗumi sai ya ce, "An riga mu, an tashe ta an lallashe ta. Mu dawo wata rana." Shi so yake ya ga yadda take farkawa daga barci. Sai a tura ta gefe a dubi ƙasar da ta kwana a kai, ko ta yi fitsarin kwance. Ya zaro ƙarfen gwada baƙin mai, ya murza tsakanin yatsu, ya sansana, har ya kan taɓa a harshe in yana son ya tsorata mai motar. Ni kuma in an tayar sai in tsaya bayan salansa in faɗi launin hayaƙi, sannan in shige ƙarƙashi rigingine in ba da labari. Na zama gwani. Ina iya gane sabuwar waldar da aka shafa wa laka don ta yi kama da tsohuwa.

Baba kuwa ya samu abin da yake so. Ya ce ashe mota ma dabba ce. Zai bi jikinta yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, inda ƙarfe ne ta ce kau, inda aka cike rami aka rufe da fenti ta ce dum. Ya tsuguna ya shafa taya kamar mai duba kofato, in gefe ɗaya ya fi cinyewa ya ce wannan gurguwa ce. Sannan ya juya kan mai ita da tambaya: hannun wa ta fito, me take ɗauka, ina take kwana, wa ke duba ta in ta yi ciwo. In an faɗi bakaniken, can za mu wuce. Kofur ya miƙa masa karan sigari, kafin sigarin ya ƙare mun ji ran da ta faɗa kwata, mun ji yadda mai ita ke wata da watanni bai juye mai ba.

Wani akawu ya ja mu har Anacha mu ga motar ƙaninsa, fara sol, tana tafiya shiru kamar mage. Kofur ya ce shirun nan ya yi yawa. Ya kwance wani noti a giyabos, ya zura yatsa, ya fito da garin katakon da aka cusa don a toshe bakin ƙara.

"Oga, wannan mota ce ko shagon kafinta?"

Akawun ya rantse haka kamfani ya ƙera ta. Baba ya yi masa addu'ar shiriya, muka hau motar haya muka dawo. Ina jin daɗin abin, amma na ƙagara. Duk motar da muka ƙi, gani nake Inna ta ƙara nisa. Kofur ya kan ce, "Yi haƙuri, ɗan Malam. Mota mai tashi uwarka ta ce, ba mai kyau ba."

Wata rana da yamma Baba na zaune a ƙofar gida, Mazi ya jawo kujera. Yana jin Hausa ras, don ya yi aiki a Gusau yana saurayi, kuma ba ya tsallake gaisuwa ko ɗaya. Da suka gama tambayar gajiya da kasuwa da iyali, sai ya ce:

"Malam, na ji kana neman mota har Anacha. Ni ina da mota a bayan gida, ba ka tambaye ni ba. Ko na yi laifi?"

Baba ya dubi ƙasa. Ni kuwa na san motar. Ita ce dai akori-kurar tamfol. Sitiyarinta ma yana ɓangaren da, na kafin a sauya hannun tuƙi. Tun bayan yaƙi take jidar yashi da bulo, in ta ga dama. In ba ta ga dama ba, kaji su yi ƙwai a ƙarƙashinta. Mazi so yake ya sayar ya yi wa sauran gidansa rufi kafin ruwa ya dawo.

Ran Asabar da safe aka haɗu a bayan gida. Mazi ya shafa mata koren fenti da burushi, da hannunsa, har tayoyi sun samu rabonsu. Ya sa an fito da kujeru, matarsa ta kawo goro a faranti. Da gani ka san mutum ya shirya wa dogon ciniki, irin wanda ake tashi a yi fushi a dawo a zauna. Na ruga na kira Kofur.

Mazi bai ɓoye komai ba, wannan kam zan shaide shi. Alfahari ma yake yi. Ya dafa ta ya ce motar nan ta ga abin da janar bai gani ba. Da farko ya tura ta daji a ƙauyensu ya lulluɓe ta da ganyen kwakwar manja don kada soja su ƙwace, ruwa ya dake ta damina guda cur. Daga baya suka gano ta suka ƙwace ɗin. Ta sha fetur ɗin da aka dafa a ganga. Da baƙin mai ya ɓace, manja aka ɗura mata. Birki kuwa ruwan kwakwa. Ta ɗauki masu rauni, ta ɗauki gawa, ta faɗa rami ta fito, kuma tun daga lokacin bakanike bai taɓa buɗe cikinta ba.

Baba na gyaɗa kai yana cewa, "Allahu akbar. Mai ƙashin arziki ce." Kofur kuwa da kowace magana fuskarsa na ƙara tsawo, har na ji tsoron haɓarsa za ta taɓa ƙasa.

"Kofur, duba ta!" in ji Mazi. "Buɗe ko'ina. Ni ba na son magana daga baya."

Kofur ya naɗe hannun riga ya taka. Baba ya kama wuyan hannunsa.

"Haba, Mazi. Ni in sa a duba motarka? Ran da ka rufe mu da tamfol, duba mu ka yi?"

"Malam, wancan daban. Wannan kasuwa ce. A duba!"

"Na gani. Idona ya ishe ni."

Suna cikin wannan ja-in-ja na ladabi, ni na sulale na shige ƙarƙashi. Abin da na gani ya fi ƙarfin shiru. Shasin, ƙarfen da duk motar ke zaune a kai, ya taɓa karyewa gida biyu, an haɗa shi da walda da ƙafar gadon ƙarfe. Na rantse har fulawar gadon tana nan. Salansa da waya aka rataye ta. Wani baƙin abu mai kauri kamar kwanannar miyar kuka ya ɗigo mini a goshi.

"Baba!" na ƙwala. "Gado ne a nan ƙasa! In ta mutu a hanya ba ma rasa wurin kwana! Baba, ga shi tana zubar da..."

Ban ƙarasa ba aka fizgo ni ta ƙafa. Tunda aka haife ni Baba bai taɓa marina ba sai ran nan, a gaban Mazi da matarsa da kaji. Kunnena ya yi ta kiɗa har azahar.

"Marar kunya! Ba don mutumin nan ba, da yanzu kana ina? Ba shi haƙuri."

Na durƙusa na ba da haƙuri. Mazi na ta cewa, "A'a, Malam, yaro ya yi daidai, bar shi," amma Baba ya riga ya zauna ya ce a faɗi kuɗi.

Mazi ya faɗa. Ya faɗi irin kuɗin da kowane mai sayarwa ke fara faɗa, wanda shi da kansa ya san na buɗe baki ne. Har ya gyara zama, ya ɗauki goro, yana jira a taya rabin rabi ya dafe kai ya yi ihu. Baba, wanda kan yini yana ja a kan ɗan akuya, ya miƙa hannu.

"Na saya. Allah ya sa albarka."

Goron ya tsaya a hanya tsakanin faranti da bakin Mazi. Ina durƙushe, na ga fuskarsa sarai. Ya dubi Baba. Ya dubi matarsa a bakin ƙofa. Ya ɗaga kai ya dubi ɗakunan da babu rufi. Na ce a raina yanzu zai yi dariya ya ce haba Malam, ai wasa nake. Sai ya ce, "To."

Marin ya wuce tuni. Wannan "to" ɗin ce har yau ta ƙi wuce mini.

A hanyar gareji Kofur ya kasa haƙuri.

"Malam, mutanen nan in sun ce ka duba, nufinsu ka duba. In sun faɗi kuɗi, nufinsu ka taya. Ba gwada ka yake ba."

"Ina zaune da su tun kana tsallen kwaɗo a bariki," in ji Baba. "Kuma kana tsammani ba ni da hanci ne? Tun daga ƙofa na ji warin injin nan. To in ce masa me? Motar da ka fitar da 'ya'yana a ciki ba ta yi mini ba? Ko in zauna ina ja da shi a kan sule?"

"Da ka ba shi kyautar kuɗin rufin, ka sayi mota a wani wuri."

"Ba zai karɓa ba."

"Ai ga shi ya karɓa."



Abin da ya rage a hannunsa bai kai a sauke inji ba. Kofur ya yi iyakar yinsa, ko kwabo bai karɓa ba: fulogi na hannu, batir na aro, sabuwar waya a madadin tsohuwar waya. In ta tashi tana tafiya, da hayaƙin da ya isa ya kori sauron Obiagu har jikokinsu. Amma da zarar an kashe ta, ta manta da makulli. Sai an tura. Masu shago sun tura, teloli sun tura, har limamin masallacinmu ya taɓa tattare babbar riga ya sa kafaɗa. Wanda ya fi kowa zuwa turin shi ne Mazi. Da ya ji tarin motar zai fito da singileti, ya sunkuyar da kai ya tura har ya yi haki, in ta tashi ya koma gida bai dubi kowa ba. Gidan nasa kuwa ya sha sabon kwano, in rana ta daka sai ya kashe maka ido.

Na ce wa Kofur, to in tashin hankali ya dawo, sai mu bi gida gida muna sallama: don Allah ku ajiye adda ku zo ku tura mu, za mu gudu. Ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Sannan ya daina, ya ce kada in kuskura in faɗi wannan a gaban Baba.

Duk da haka Baba ya aika Lafiya cewa muna tafe da mota. Ni ma, da na san abin da ke ƙarƙashinta, sai da na share falo, na wanke tukwanen da suka manta launinsu, na buga ƙusa a bango inda Inna za ta rataya mayafi. Kofur zai je gida Kirsimeti, ya ce zai raka mu, don in ya bar mu mu kaɗai alhakinmu na wuyansa.

Ba zan ba da labarin hanyar duka ba. Lagireto ya ɗanɗani kowane rafi tsakanin Inugu da Binuwai. A gadar Makurɗi, inda mota da jirgin ƙasa ke bin hanya ɗaya, ta mutu a tsakiya cak. Ni da Kofur muka tura ta da ƙarfin da ban san ina da shi ba, Baba na kan sitiyari yana karanto duk abin da ya haddace tun yana allo.

Kafin mu shiga Lafiya Baba ya tsaya a bakin wani rafi, bai kashe inji ba, muka wanke ta tas. Ya sa sabuwar riga. Sannan ya kira ni gefe, yana magana yana kallon wani wuri.

"In mun isa, ka koma kan sitiyari. Ka riƙa ɗan taka totur. Kada ta mutu."

Mutumin da ya yi suna wajen tona asirin masu ɗura wa rago ruwa don ya cika ido, yau shi ke koya mini.

Muka tsaya a ƙofar gidan kawu da la'asar. Yara suka yanyame mu suna ihu, mata na leƙe ta katanga. Ƙanwata ta manta ni baƙo ne, ta haye baya tana tsalle. Sai Inna ta fito da mayafi. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma dubana sosai a gaban mutane. Ta gaida Baba, ta gaida Kofur. Sannan ta zaga motar a hankali. Da ta zo baya ta tsaya, ta dafa ƙarfen gefe, ta daɗe tana kallon cikin bodin. Koren fentin bai ruɗe ta ba.

"Ita ce," ta ce.

"Ita ce," in ji Baba. "Mai albarka ce. Yanzu tamu ce."

Ta zo taga inda nake zaune, ƙafata a kan totur.

"Kai, kashe ta."

Na dubi Baba.

"Da kai nake."

Na murɗa makulli. Shirun da ya biyo baya, har kukan kurciya na ji daga wata unguwa.

"Tayar."

Na murɗa. Ta yi tari. Na sake, ina roƙonta a zuci da duk sunan kirkin da na sani. Ta yi wani nishi kamar tsohuwar da za ta tashi daga tabarma, ta fasa. Na sake, sai ƙas, ƙas. Yaran unguwa, da yake ba a koya wa yaro turin mota, tuni sun jeru a baya suna, "Mu tura! Mu tura!"

"Ku bari," in ji Inna. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya wajen Baba. "Malam, ku shigo. Abinci zai huce."

Kofur ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Da na shiga ɗakinta in gaishe ta sosai, sai na ga kaya a ɗaure a bayan ƙofa: akwati, tabarmi a naɗe, tukwane cikin buhu, har turmi. Ashe ta shirya. Washegari ina zaune ta riƙa kwance su, tana mai da kowanne mazauninsa.

Na ce, "Inna, Kofur ya ce in an sauke inji za ta gyaru."

"To a sauke."

"Inna, yanzu fa lafiya lau ake zaune. Kowa kuɗi yake nema, ba mai kula mu."

"Wancan karon ma lafiya lau ake zaune." Ta ware ƙullin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa ta turo gabana. "A riƙa sa wa miya. An rame."

Motar ba ta sake tashi ba, ko da turi. Kofur ya ce injin ya buga, ɗan abin da ya rage na ranta a hanya ya ƙare. Muka bar ta a gindin darbejiya a ƙofar gidan kawu, shi ya wuce garinsu, mu muka hau jirgi. Har Inugu Baba bai yi maganar da ta wuce "miƙo buta" ba.

Mun iso Obiagu da rana tsaka, a ranar da Baba ya ce wa su Mazi za mu dawo, ƙullin daddawa a kaina. Tun daga nesa na ga an shafe ƙofar ɗakinmu da farar ƙasa. Mazi na tsaye da riga mai guga, matarsa ta ci ɗaurin ɗankwali irin na zuwa coci. Ta dafa shinkafa tukunya guda, kuma wurin mahautanmu ta je ta sayo naman don Inna ta iya ci. Mazi ya leƙa bayanmu, ya leƙa titi.

"Malam, sannu da hanya. Ina uwargida? Ina mota?"

"Lafiya lau, Mazi. Mun same ku lafiya? Ya gida? Ya yara?"

"Lafiya. Amma uwargida..."

"Suna gaishe ku ƙwarai. Ya aka ji da zafin nan?"

Baba ya yi ta jero gaisuwa har ya kai ƙofa, ya shiga, ya saki labule.

Matar Mazi ta tare ni da kwanon shinkafa a rufe. Ta rage murya ta tambaye ni da Ibo: ɗana, me ya faru, uwarka ba ta da lafiya ne? Ni da nake zagin yaran layi da Ibo har iyayensu su fito su ga ɗan wane ne, na dube ta na ce mata da Hausa ban ji ba. Ta maimaita a hankali. Na ce ban ji ba. Sai ta ajiye kwanon a ƙofarmu ta koma.

Baba bai ce a shigo da shi ba, bai ce a mayar ba. Ni kuwa yunwa kamar ta kashe ni, ƙamshi na biyo ƙarƙashin labule yana nemana. Da aka kira la'asar Baba ya fito, ya raɓa ta gefen kwanon ya tafi masallaci. Ya dawo ya sake raɓawa.